Kyamarar da Ba Ruwanta da Waya

Daga Gusau, zuwa ga ƙanena Abdulaziz.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Hajara da yara. Yaya Fatakwal da ruwanta da ba ya gajiya? Allah Ya ƙara buɗi, Ya tsare ka a wurin nema. Mu nan sai godiya. Maigidan yana fama da shago, Inna kuma ta ji sauƙin ƙafar, har ta koma faɗa da kajinta, ka san alamar lafiyarta ke nan. Na zaɓi in rubuto ta hannun Malam Ashiru direba ne don a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance, ni kuwa yau sai na kai.

Maganar 'yarka Zahra'u ce da ke hannuna, da kyamarar da ta saya. Tun ranar da ka ce mata ɓarnar kuɗi ce tunda kowa yana da waya, kuma ba ka yarda ta riƙa yawon biki da kyamara a wuya kamar ƙattin masu hoto ba, ta ce to, ta naɗe ta a tsohon ɗankwali ta sa a ƙasan akwati. Ba kuka, ba ƙunƙuni, kuma shirun nan ne ya fi ci mini rai. Ga Hajiya Lami ta Tsafe tana jiran amsa, za ta aurar da 'yarta ƙarshen watan nan, ta ce Zahra'u take so ta ɗauki hotunan cikin gida. Yarinyar ta ce ba inda za ta sai da yardarka. In ka yi shiru, aikin ya wuce ta, kuma shi ne na farkonta.

Akwai abin da ba ka sani ba, don ku maza a ƙofar gida kuke cin shinkafarku ku watse. Yanzu a gidan biki da zarar 'yan mata sun ɗaga waya, sai ka ga manya suna jan mayafi suna rufe fuska. Wata a unguwarmu ta ɗan taka rawa ba mayafi cikin 'yan uwanta mata, kafin a kai amarya hoton ya shiga wayoyin majalisa, da ƙyar aka ceto aurenta. Namiji mai hoto ba ya shiga, waya kuma ba a yarda da ita ba, sai a yi biki a gama, uwar amarya ba ta da ko hoto ɗaya da 'yarta. Zahra'u ta daɗe tana lura da wannan a gidajen da take zuwa yi wa amare lalle, kuma da kuɗin lallen ta yi adashe, ba ta roƙi kowa ba.

Ni na raka ta kasuwa, na so a ce kana wurin. Mai shagon ya fara ciro wata baƙa ƙatuwa wadda ake kunce mata ido a sa wani. Ni kam ta burge ni, har na fara tunanin ƙara mata daga jarina. Ta ɗaga ta sau ɗaya ta mayar, ta ce kuɗinta ba su kai nan ba, kuma wannan in ta shiga ɗakin mata da ita sai kowa ya kama kansa kamar an zo ɗaukar hoton fasfo. Ya kawo wata sabuwa mai sheƙi yana ta zuba, wai da ka ɗauka sai ta tura hoton waya nan take. Sai 'yarka ta ce, "Malam, wadda ba ruwanta da waya nake nema." Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce bai taɓa ganin mai neman a rage masa alheri ba.

Daga ƙarshe ya zaƙulo wata ta hannu, ƙarama, har fentin gefenta ya ɗan goge. Zahra'u ba ta yi gaggawa ba. Ta sa ya kashe fitila ya tura ƙofa, don ɗakunan mata ba haske ne da su ba, ta ɗauke ni a duhun. Na fito da baƙina da tsagena tas, har da ɓacin ran da nake yi na tsayuwa. Ta tambayi ko ana samun batirinta a Gusau, ta haɗa da na biyu saboda halin wutarmu, ta gwada katin ajiyar hoton, ta jefa kyamarar a jakar hannu ta ga ta shige. Ciniki kuwa, ni da na tsufa a kasuwa sai na koma 'yar kallo. Wallahi Abdulaziz, na ji alfahari da ita har idona ya kawo ruwa. Ko wurin masu wankin hoto ba ta barin katin a hannun kowa, tsayawa take a kansu, a wanke, a goge a gabanta.

Kafin ka hana, mun je Karakkai gaida Inna da kyamarar. Ka fi kowa sanin Inna da hoto: ko na katin zaɓe sai da aka yi kamar za a ɗaure ta. Zahra'u ta zauna kusa da ita ta nuna mata cewa abin da ya shiga nan ba ya fita sai da izinin mai shi. Inna ta jujjuya ta, sannan ta ce a miƙo mata zanenta na saƙi. Da yarinyar ta ɗauka ta nuna mata, ta daɗe tana kallon kanta, ta ce ashe haka ta tsufa ba wanda ya faɗa mata.

Ka gaishe mini da Hajara, ka ce ta haifi 'ya. A shafa mini kan Nura da Fatima. Maigidan da ɗana Hamza suna gaishe ku.

Da labarin hanin ya kai wa Inna, ba ta ce ka yi daidai ba, ba ta ce ka yi kuskure ba. Cewa ta yi, "A wanke guda a kai mai. Ɗiyatai ɗai na yarda ta ɗauke ni, shi kau shi yi abin da ya gani." Hoton yana cikin ambulan ɗin nan, shi kaɗai ne hotonta na kirki a duniya. Ka zauna ka dube shi da kyau, sannan ka kira Zahra'u, ba ni ba.

Wassalam. Yayarka,
Jummai