Majigi Tsakanin Surukai

Sule Tankarkar, ranar Litinin

Zuwa ga bawana Saifuddeen mai kayan wuta, kasuwar Maigatari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Kawu da Inna Mairo da duk mutanen gida. Mu ma nan sai godiyar Allah.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun Cindo direba. Wayarka kullum tana tsallakawa layin Nijar, maganar da ke bakina kuma ba ta faɗuwa da murya a gidan nan, don wanda ta shafa ya fi kowa kunne.

Surukina ne, Baffa Manu, mahaifin Husainatu. Bijimi ya take masa ƙafa a rugarsu ta bayan Gagarawa Tasha, aka kawo shi wurin mai ɗorin garin nan. Ƙashi ya fara kamawa, amma mai ɗori ya ce in ya kuskura ya hau babur a kan hanyar nan kafin ya sallame shi, ƙafar a karkace za ta warke. Muka ba shi falo, inda talabijin take.

To ka san kunyar surukai, balle ta Fulani. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Da safe in tuɓe takalmi in durƙusa a bakin ƙofa, ina gaida ƙasa, yana amsa wa bango. Wannan duk ba damuwa. Sai ga shi an fara kokawar Nijar ta shekara, wadda ake ba gwani takobi, eriyata kuma tana kamo ta tas. Ashe tsohon nan mayen kokawa ne kamar ni. Na lura da shi: in na zo wucewa sai ya ba talabijin baya ya ɗauki carbi, amma carbin ba ya tafiya sai an yi kaye. Ni kuma da na ji ihu sai in tuna na manta almakashi a falo. Jiya na yi ta manta almakashin nan har ya ce wa Husainatu, "Ki faɗa wa mai gidan nan ya rataya shi a wuya." Daga nan ya kashe talabijin, ya ce shi ba zai hana mutum ɗakinsa ba, gida zai koma.

In ya tafi ƙafa ta lalace, yayyen Husainatu kuma har abada za su ce ni na kore shi.

Ga dabarar da ta zo min. Shagon ɗinkina bango ɗaya ne da falo, akwai ƙofa a tsakani. Na taɓa ganin ma'aikatan lafiya sun kafa majigi a filin makaranta da farin zane, mu da muka makara ta baya muka kalla, ba mu rasa komai ba. In na toshe ƙofar nan da farin yadi, yana ɓangarensa ina nawa, kowa ya ga kokawa, ba wanda ya ga wani.

Ka zaɓo min majigi. Husainatu ta ce ya zama mai fito da fim ɗin Indiya da kyau, ni kuma ina so ya yi ƙwallo da gem in baƙo ya tafi lafiya.

Ka huta lafiya. Ubangidanka,
Badaru tela

Maigatari, Alhamis bayan tashin kasuwa

Bawana Badaru,

Wa'alaikumus salam. Kowa lafiya, Inna tana gaida Husainatu da mai jiki. Ka daina kiran kanka ubangidana a takarda, Cindo yana karanta abin da aka ba shi.

Na yi dariya a rumfa har wani mai raƙumi da ya zo sayen rediyo ya fasa. Mutum da gemunsa, wai almakashi ne takardar shigarsa ɗakinsa!

To bon, in ji 'yan Nijar. Na ba Cindo guda uku ka gwada, wanda ya yi maka ka riƙe. Akwai ɗan ƙarami kamar sabulun wanki, da batirinsa a ciki. 'Yan mata na sonsa, amma ka sani haskensa mai kunya ne, kamar ka. In rana na waje ba ya ɗaga kai. Kuma a gem, in ka danna a buga ƙwallo, sai ɗan wasan ya je ya yi shawara da iyayensa tukuna. Babban na gwanjo ne daga Kwatano, wannan ko da tsakar rana zai nuna maka gashin hancin mutum. Ni shi nake so ka ɗauka, don ya daɗe yana cinye min wuri. Na ukun matsakaici ne, ba ni da abin faɗa a kansa, bai taɓa jawo magana ba.

Abin da za ka riƙe: majigi da rana kamar kai da Baffa ne, ba sa zama ɗaki ɗaya. Kokawa kuwa da rana ake yi, don haka ka toshe tagogi. Kada ka rataya zanen gado mai furanni, 'yan kokawa su fito da ƙyanda. Ka sayi alawayyo fari sol, mara kauri, yadda hoto zai ratsa.

Sai na ji ka. Mai gidanka,
Saifuddeen

Sule Tankarkar, Asabar

Saifuddeen,

Sallama da gaisuwa, amma gajeriya, don ban huce ba.

Bari in fara da kayanka. Ɗan sabulun ya nuna 'yan kokawa kamar aljanu cikin hayaƙi. Husainatu ta so shi don launinsa a fim, har ta rufe shi da mayafinta kada in mayar, amma ba don ita ake hidimar ba. Na Kwatano kuwa, da na kunna sai fankar cikinsa ta tashi kamar injin niƙa, har maƙwabciya ta aiko da masara. Ya shanye batirin solata kafin 'yan kokawa su gama tsafe-tsafensu. Kuma yana son nisa. Sai da na fitar da shi bakin titi hoton ya daidaita da ƙofa, akuya ta gifta, inuwarta ta rufe filin kokawa gaba ɗaya. Matsakaicin na riƙe. Ya zauna a kan keken ɗinki, hoton ya cika ƙofar daidai, in ana gudu ba ya jan wutsiya. Sauran biyun na hannun Cindo.

Yanzu alawayyonka. Na je wurin mai yadi ina sauri, na ce, "Alhaji, a yanko min alawayyo mai faɗi, na Baffa ne." Sai na ga ya ajiye ma'auni ya ce, "Yaushe?" Na ce, "Yanzu nake so, kafin azahar." Ya yanka ba ciniki, ya riƙe hannuna ya ce in yi haƙuri. Ni na ɗauka tsadar yadi yake nufi. Sai a hanya na tuna abin da ake yi da alawayyo a garin nan.

Ina isowa na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Malam Ismail wanzami, maƙwabcina, ya riga ya aika a kira masu haƙa kabari. Ina ta rantsuwa ba mai saurarena, kowa na cewa ruɗewa ce. Ana cikin haka sai ga Baffa ya dogaro sanda ya leƙo. Wani dattijo da bai san fuskarsa ba ya ce masa, "Allah ya ji ƙansa." Baffa ya ce, "Amin. Wa?" Malam Ismail har yanzu bai dawo ɗaukar takalmansa ba.

Husainatu ta yi masa bayani tana kuka tana dariya. Bai yi dariya ba. Ya ce gidan da aka saya wa baƙo likkafani yana numfashi, ai an gama sallamarsa. Ya ɗaure jakarsa. Da ƙyar ta shawo kansa ya tsaya ya ga karon ƙarshe gobe Lahadi, amma ya ce Litinin da sassafe zai hau babur, ko mai ɗori ya so ko ya ƙi.

Na kafa yadin. Ka taya ni da addu'a.

Badaru

Maigatari, Lahadi da safe

Badaru,

Gaisuwa da ta'aziyya da barka, ka zaɓi wadda ta dace. Labarin ya riga takardarka zuwa. A kara, dillalan shanu sun yi wa Baffa fatiha, wani ma ya fara tambayar wa zai gaji bijimin. Yau kuma an ce ya tashi ana cikin wanka.

Ni alawayyo na ce ka saya, ban ce ka faɗi na wane ne ba. Allah ya ba da sa'a, ya bar mana Baffa da ƙafafunsa biyu a miƙe.

Saifuddeen

Sule Tankarkar, Lahadi bayan la'asar

Ɗan'uwana Saifuddeen,

Assalamu alaikum. Yau ba wasa, ka zauna ka karanta.

Mun toshe tagogi da barguna. Baffa yana falo shi kaɗai, mu muna shago da majigin, ni da Malam Ismail da maƙwabta cike. Karon ƙarshe tsakanin Ɗan Larai na Damagaram ne da Sha'aibu Baƙin Dutse na jihar Tawa. Kowa a shagon Damagaram yake so. Baffa ma na zaci haka, tunda dangin mahaifiyarsa can suke.

Idon Baffa ba ya rarrabe fuska sosai. Da suka fito fili sai ya tambayi yadin, "Wanne ne ɗan Damagaram?" Malam Ismail ya ce, "Na hannun dama, ranka ya daɗe." Abin da ban sani ba, kai ma da kake sayarwa ba ka faɗa min ba, shi ne hoton da ke bayan yadi a juye yake. Damarmu hagun Baffa ce. Don haka ya kafa wa Sha'aibu ido, ya ɗauke shi ɗan garin kakanninsa.

Aka kama. Duk sanda Sha'aibu ya danne mutuminmu sai mu ji daga falo, "Yauwa! Haka! Kada ka sake shi!" Muka kalli juna. Na ce a raina, ashe Baffa Tawa yake so, kuma bai dace in ja da surukina a ƙarƙashin rufina ba, musamman bayan abin da ya faru jiya. Na raɗa wa mutane cewa duk wanda ke son ya ci gaba da kallo ya koma Tawa. Suka koma, da baƙin ciki. Daga nan in Baffa ya ce "Yauwa!" sai mu amsa gaba ɗaya, "Tawa! Tawa!"

Ka ga shi a ɓangarensa abin da yake ji. Duk sanda ɗan Damagaram ɗinsa ya yi abin kirki, sai mijin 'yarsa da mutanensa su yi masa ihun Tawa.

Muka ji ƙarar sanda. Aka yaye yadin. Sai ga Baffa tsaye a ƙofa cikin farar babbar rigarsa, yana cewa, "Wane ne yake yi min shaƙiyanci a nan?"

Na zube ƙasa na sunkuyar da kai. Amma Saifuddeen, idona bai kai ƙasa ba, a cikin Baffa ya tsaya, don filin kokawar gaba ɗaya ya koma kan rigarsa. Ban taɓa kallon surukina haka ba. Daidai kan cibiyarsa Ɗan Larai ya sunkuya ya ɗauki Sha'aibu, ya juya da shi, ya maka shi a aljihun Baffa na hagu.

Shago ya kece. Manya da gemu suna tsalle suna nuna tumbin dattijo da yatsa. Ya duba ƙasa, bai ga komai ba sai ƙafafu a sama. Ya ɗaga kai ya kalli bango ya ce, "A tambayar min mai gidan nan, wa ya kayar?"

Na kalli keken ɗinki na ce, "A faɗa wa Baffa, Damagaram ce."

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Zai juya kenan aka fara maimaita kayen, Malam Ismail ya yi kururuwa, "Baffa, don girman Allah kada ka motsa!" Wallahi sai ya tsaya. Ya jingina sanda, ya kama gefen rigar da hannu biyu ya baza ta, har aka gama maimaici aka miƙa takobi. Kowa ya gani sai shi.

Sannan ya saki rigar, ya koma ciki ya mayar da yadin. Jakarsa na nan a ɗaure, mai babur kuma ya ce zai zo da sassafe. Ban san inda na tsaya ba.

Naka,
Badaru

Sule Tankarkar, Litinin

Daga Manu ɗan Ismaila, da hannun 'yata Husainatu, zuwa ga Saifuddeen.

Bayan sallama da gaisuwa ga mahaifinka, ina so ka sanar da mai gidan nan cewa na sallami mai babur, na kwance jakata. Zan zauna har mai ɗori ya ce in tashi. Ka faɗa masa akwai kayen da ban gani ba, in an sake nunawa a kira ni. Kuma a dawo da injin ɓangarena, shi ya koma bayan yadi ya ɗanɗana kallon hoto a juye. Allah ya yi muku albarka. Wassalam.

Yaya Saifu, ni ce Husainatu. Don Allah ka ba Cindo amsar yau. Mutuminka yana bayan yadi, ya ji komai, amma ya ce shi bai san an fasa tafiya ba sai labari ya zo daga Maigatari.