Taken Baba

Daren Laraba, Gwarzo

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye bai ce da kowa uffan ba. Yau mutanen Getso suka kawo mana gudummawar kuɗin magani asibiti, har da Tanko mai gangar noma. Raina ya ɓaci, na ce kiɗa a ɗakin marasa lafiya? Nas ta ce, "Ƙyale shi, Hajiya, amma a hankali."

Da yatsu kawai ya buga taken da ake yi wa Baba a wajen gayya. Sai hannun Baba ya dunƙule kamar ya riƙe fartanya, ya ce, "Tanko, kiɗan ya yi sanyi."

Ikon Allah! Ni da nake kwana a gindin gadonsa bai kira sunana ba, ganga ya amsa wa.