Jan Hatimin Ok-bun

Gunsan, farkon bazara

Yaya Sun-rye,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki, ya maigida da yara?

Albishirinki, mun sayi gida! Amma kin san na wa? Na Ok-bun, wadda Baban Tae-sik ya yi ta bi kafin ya aure ni. Da aka duba rajista sai ga hukuncin kotu a kan gidan, bashin marigayi mijinta. Dillali ya ce kada mu cika kuɗi sai an goge shi. Baban Tae-sik ya yi caraf, wai shi zai riƙa raka ta kotu har a gama, ko wata nawa za a ɗauka. Ji fa, Yaya! Shi da ita a kujera ɗaya a bas, tana karya wuya tana ce masa Yayana. Raina ya ɓaci, na ce sam. Na sa ta rubuta cewa duk abin da ya taso ita za ta biya, ta danna jan hatiminta. Dillalin ya ce takarda ba ta goge hukunci, na ce ya karɓi la'adarsa ya yi mana shiru.

Mun tare, har na raba wa maƙwabta wainar shinkafa. Shi da ita kuwa sun gama ganin juna.

Ƙanwarki,
Mal-suk

Gunsan, ƙarshen kaka

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Kabejin da kika aiko ya iso, na gode, sai dai ko gishirin adanawa ban sa masa ba.

Kotu ta aiko, za a yi gwanjon gidan. Lauya ya ce mai bin bashi, gidan kawai ya sani, babu ruwansa da alkawarin Ok-bun. Takardar da ta rubuta damar kai ƙararta kawai za ta ba mu, in mun gan ta, in kuma tana da abin biya. Ita ko ta tashi, wasu sun ce Busan, wasu Incheon.

Babu wanda ya san danginta da ƙawayenta kamar Baban Tae-sik, ashe duk bai manta ba. Kwana yake a hanya yana nemanta. Ni kishi na cin raina, ga rufin kanmu zai tafi.

Ɗazu da hannuna na goge masa riga, na ƙulla masa abinci, na ce kada ya dawo sai ya gan ta.

Ki gaida kowa.

Taki,
Mal-suk