Jijiya Biyu a Gefen Hagu

Gure, watan Rajab

Zuwa ga aminina Aisami,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da mutanen Diffa. Mu nan sai godiya.

Abin da zan faɗa maka ko Inna ba ta sani ba. Ka san tun aurenmu da Nuriyya ba ta taɓa ko ɓari ba. Na je lopital, wato asibiti, a Damagaram, ashe matsalar a jikina take. Jijiyoyin marainana na hagu ne suka kumbura, jini na kwanciya, zafinsa na raunana iri. Za a yi mini aiki a ɗaure su.

Likitan ya zana mini a takarda. Wai jijiyar da ke kai jini can tun daga kusa da ƙoda take saukowa! Ya ce yawanci ɗaya ce kowane gefe, amma wasu biyu gare su, wani ma tasa sai ta yi kwana. Idan aka ɗaure ta bisa kuskure, abin na iya shanyewa. Ina jin tsoro, amma wallahi ko a kanti nake, tunanina ni wane iri ne.

Naka,
Dauda

Gure, watan Sha'aban

Aisami,

Ina gaisuwa, ina tambayar ƙafar Baba. An yi aikin lafiya. Allurar baya suka yi mini, idona biyu. Ana cikin yi na ji likita ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. Gabana ya faɗi. Ashe jijiyar nan mai kai jini biyu gare ni, kamar zare, ɗaya ta ɓuya cikin masu kumburin. Ya daɗe yana raba su. Na roƙa aka ɗauka mini hoto a salula. Nuriyya ta ƙi kallo, wai ba ni da kunya. Ko Baffana marigayi ma haka yake, gado na yi? Likitan ya ce bai sani ba.

Naka,
Dauda

Gure, bayan Babbar Salla

Aisami,

Barka da salla, ya yara? Naman layyarmu ni kaɗai nake ci. Nuriyya ko ƙamshin suya ta ji sai amai. Jiya ungozoma ta duba ta, ta ce ciki ne. Na rufe kanti na zo na zauna ina rubuta maka. Ka sa mu a addu'a.

Amininka,
Dauda Mahamadu