Injin Auta a Falona

Litinin, 4 ga Agusta
Auta ya sayo injin fotokwafi na hannu, ya girke mini shi a falo, daidai inda nake ɗaura igiyar shanya in ana ruwa. Wai tagar falon ce ke kallon titi. Na ƙyale shi ne kawai don ya ce in sana'ar nan ba ta karɓe shi ba, zai bi kawunsa can uwa duniya aikin gini. Yayyensa da suka tafi, sai dai muryarsu a waya.

Laraba, 6 ga Agusta
Ya rubuta ZEROGIRAFI ɓaro-ɓaro a saman taga. Na ce wannan kuma wace cuta ce? Ya zaunar da ni kamar 'yar aji ɗaya. Wai kalmar Girkawa ce, biyu aka haɗa, busasshe da rubutu. Da can sai an jiƙa takarda da ruwan magani kafin a kwafa, wannan kuwa garin tawada ne da zafi, shi ke nan. To sannu malam. Kowa dai fotokwafi yake cewa. Mai ɗinkin gefenmu har ta leƙo tana tambaya ko asibiti muka buɗe.

Asabar, 9 ga Agusta
Ruwa tun safe. Zannuwana na cikin bokiti, sun fara tsami.

Talata, 12 ga Agusta
Na shanya abina a falo, gidana ne. Injin ya dinga cafke takarda yana taunewa, masu jira suka gaji suka watse. Auta ya ce wai danshin kayana ne ya shiga takardun. Kayana fa. Na ce ba busasshe ka ce sunansa ba, ya bushe mana. Ya tsuguna yana zaro yagaggun takardu, hannu duk baƙi. Da yamma na ji shi a waya, murya ƙasa-ƙasa: "Ina nan ina tunani, Kawu."
Abincin ma ban iya ci ba.

Alhamis, 14 ga Agusta
Na gama guga da safe, dutsen da sauran zafinsa, sai na bi takardun nan ɗaya bayan ɗaya. Ba don komai ba, kar zafin ya tafi a banza. Yau ko ɗaya injin bai tauna ba. Shanya kuma na mai da ita ɗakin girki, babansu na ta mita wai rigarsa na warin albasa. Ya yi ta yi.
Auta ya ce, "Umma, wa ya taɓa mini takardu? Na ji su da ɗumi."
Na ce ina na sani, ya ɗaga ƙafa in share wajen.