Makiyayina Ya Riga Nasu Faɗawa Rijiya

Yaya Umaru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Ya ƙarfin jiki, ya ƙafar taka? Ya iyali, ya zaman Fatakwal? Mu nan Kalgo lafiya lau, alhamdu lillahi.

Yaya, an ci mani mutunci. Ka tuna labarin da na zana a littafin makaranta, na makiyayin da ya bi saniyarsa cikin rijiya ya ɓulla ƙasar da shanu ke sarauta? Bana na sake zana shi a bangon shagona, hoto bayan hoto, mutane suna tsayawa kallo. Sai wani malamin makaranta daga Gwandu ya ce, a gaban masu kawo mani aiki, "Mai zane, ai wannan daga fim ka kwaso shi."

Na nemi fim ɗin na kalla. Gaskiya akwai rami, akwai wata duniya, akwai mai neman hanyar gida. To, sai me? Nasu takobi ya riƙe, nawa sanda da goran nono. Ni da na koyi zane da gawayi, ba wanda ya kama mani hannu, yau ni ne ɓarawo? Lokacin da na zana nawa, ko talabijin ban taɓa gani ba.

Littafin yana cikin akwatinka na ƙarfe. A bayansa malaminmu ya rubuta "wasa ya yi yawa" da jan biro, har da kwanan wata. Don Allah ka aiko mani shi. Bulala shida na sha a kansa, yau shi ne shaidata.

Ka gaida su Hajo, a sa ni a addu'a.

Ƙanenka,
Bello