Maganar Abba ta Ƙarshe

Hamma Bashir,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya zaman Lahore, ya kuma ƙarin haƙuri? Mu nan Luggere da sauƙi, sai dai Dada har yanzu ba ta cin abinci sosai.

Akwai abin da na kasa faɗa maka a waya. Kwana uku kafin Abba ya rasu, Hausa da Turanci suka ɓace masa ƙaf, ya koma yarensu na Pakistan. Mutumin da ya tsufa yana koyar da lissafi a Jimeta! Ko lokacin da 'yan gudun hijira suka cika gari, ka roƙe shi ya bi ka Pakistan, cewa ya yi nan ne gida.

Ya riƙe hannuna yana maimaita magana ɗaya, yana hawaye, ni kuwa sai "to, Abba" nake ta cewa. Dada ta gwada masa Fulatanci, ya dube ta kamar baƙuwa, ba matarsa ba. Allah ya yafe mini, haushinsa nake ji. Me ya hana shi koya mana? An sha tsokanarmu da "'yan Indiya" a makaranta, amma na kasa fahimtar mahaifina.

Na ɗauki muryarsa a waya, zan turo maka, tunda kai yanzu kana jin yaren. Ka gai da matarka da yara, ku sa mu a addu'a. In wasiyya ce ya bari, ka rubuto mini. In kuwa cewa yake a mai da shi gida, don Allah kada ka gaya mini. Mun riga mun binne shi a nan.

Ƙanwarka,
Farida